Abin da Khalifa Ya Kulle

Da hantsi suka iso shagon Abdussalam da ke kusa da tashar Ƙaraye, dattijo a gaba da sandarsa, budurwa a bayansa rungume da wani abu naɗe cikin zanen atamfa. Abdussalam ya ajiye wayar da yake canja wa gilashi, ya miƙe ya russuna. Ya san dattijon, ko da yake dattijon bai san shi ba. Malam Tsoho ne na Falgore, wanda tsangayarsa ta yaye mahaddata da dama a ƙasar Rogo.

Aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali da yadda damina ta bar mutane. Sai da gaisuwa ta ƙare tukuna Malam ya nuna yarinyar da haɓa.

"'Yata ce, Nusaiba. Ita ce mai maganar. Ni rakiya na yi."

Nusaiba ta warware zanen a kan tebur. Laftof ce baƙa, tsohuwa, an liƙe gefen murfinta da salatif, haruffan madannanta sun koɗe saboda yawan taɓawa. Ta ce ta yayanta ce, Khalifa, wanda ya rasu bara a Kano bayan gajeruwar jinya. Abokan zamansa ne suka kawo ta tare da sauran kayansa, tun lokacin kuma tana ƙasan akwati. Yanzu ita Nusaiba za ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, a kwamfuta ake yin ta, ga shi hannunta bai saba ba.

"Kuma ta ƙi buɗuwa. Kalmar sirri take tambaya. Na gwada sunansa, na gwada sunan Inna, har Falgore na rubuta mata, ta ƙi."

Abdussalam ya jona caja ya kunna. Fankar ciki ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe. Suka jira, suka jira, har Malam ya gyara zama sau biyu kafin fuskar kwamfutar ta kawo haske.

Abdussalam bai taɓa shiga ajin koyon kwamfuta ba. A kan matattun injina ya koya, yana kwancewa yana ɗaurawa, yana karanta Turancin da ya fi ƙarfinsa a waya da ƙamus a gefe. Shi ya sa in zai yi bayani yakan yi shi yadda shi kansa ya fahimta. Ya ce injin ya tsufa, babbar manhajar da ke tafiyar da shi, Windows, ta yi masa nauyi. Ko an buɗe kullen, haka zai riƙa jan ƙafa. Amma akwai wata mara nauyi, ana ce mata Linux, irin waɗannan tsofaffin injinan suna miƙewa da ita. Abu ɗaya ne, in za a ɗora ta sai an goge faifan ciki, inda injin ke ajiye komai, gaba ɗaya.

"Ita wannan ɗin ta wane ce?" in ji Malam.

"Ta kowa ce, Allah gafarta Malam. Mutane ne suka haɗu suka rubuta, suka ce duk mai so ya ɗauka."

"Au, waƙafi ke nan."

"Kusan haka."

"To, Allah ya ba su ladan niyyarsu. Ɗora mata."

Abdussalam ya ce kafin ya goge zai iya kwashe abin da marigayi ya bari a ciki, hotuna ko takardu, ya zuba musu a wani wuri. Nusaiba ta ɗago kai da sauri. Amma Malam ya riga ta.

"A'a." Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin. "Ɗana, abin da mutum ya sa wa kwaɗo, ba don a gani ya sa ba. Ya tafi, yana hannun Ubangijinsa. Ban son in ga abin da zai sa zuciyata ta ƙara nauyi a kansa. Kada ka buɗe, kada ka duba. Goge kawai. Ka ji?"

"Na ji, Allah gafarta Malam."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Suka ce za su wuce Tudun Kaya barkar haihuwa, sai bayan la'asar su biyo su karɓa.

Da suka tafi ya ɗauko filashinsa, ɗan ƙarfe mai igiya ja, wanda manhajar ke ciki. Ya soka, ya kashe injin, ya sake kunnawa yana danna madanni guda har injin ya yarda ya tashi daga filashin maimakon faifansa. Wannan shi ne abin da Abdussalam ya fi so game da Linux: tana barin mutum ya gwada ta tukuna, ba tare da ta taɓa komai a faifan ba. Cikin ɗan lokaci fuska ta washe, fankar ta sassauta.

Yana da tsarin da ba ya ƙetarewa. Kafin ya ɗora manhaja sai ya gwada kowane sashe, don kada a gama aiki a tarar wani abu ba ya yi. Ya danna madannai ɗaya bayan ɗaya, duk suna amsawa. Ya gwada intanet da wayarsa, ta kama. Saura sifika. A gefen fuska ga faifan tsohon yana zaune a buɗe, don kwaɗon da Khalifa ya sa na ƙofar Windows ne, Linux kuwa ta taga take shiga. Hannun Abdussalam ya yi abin da ya yi sau ɗari a kan injinan mutane: ya shiga ma'ajin sauti, ya danna na farko da ya gani.

Daga baya ya sha tambayar kansa ko mantuwa ce ta gaskiya, ko kuwa irin mantuwar da mutum kan ƙyale ta ta same shi. Bai taɓa samun amsar da ta gamsar da shi ba.

Aka yi gyaran murya a cikin sifikar. Sai muryar saurayi, a hankali, kamar mai gudun tada abokin ɗaki.

"Allah gafarta Malam, zan biya."

Sai ya fara karatu. Daga ka yake yi, don ana jin inda yakan tsaya ya nemo abin da ke gaba. Muryar ba ta da ado, amma tana da irin jan nan na tsangayun yamma, wanda ba a koyonsa a rediyo. Abdussalam ya kai hannu zai kashe, ya kasa. Can wajen tsakiya mai karatun ya sarƙe, ya koma baya, ya sake sarƙewa. Aka ji ya yi ajiyar zuciya.

"A'a, bai zauna ba tukuna. Ba zan kai masa wannan ba."

Abdussalam ya kashe. Ya dubi jerin da ke gabansa, ko da yake dubawar ma saɓa alkawari ce. Fayil arba'in da uku, kowanne da lambar izu, kwanan wata yana tafe tsawon shekara biyu, har zuwa mako uku kafin rasuwar. Ya rufe murfin kamar wanda ya taɓa wuta.

Kabir tela, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo da tef a wuya.

"Injiniyan da ba takarda! Yau kuma wa'azi ka koma sakawa? Na ɗauka mun shiga azumi ban sani ba."

Abdussalam bai yi dariya ba. Kabir ya shigo ya zauna a kan benci. Mutumin Rogo ne, kuma ba abin da ke wuce shi. Da Abdussalam ya gaya masa abin da ya faru, sai ya cire hular kansa ya riƙe.

"Khalifan Malam Tsoho? Kai! Ai ka taɓo babban gyambo." Ya ba shi labari a taƙaice. Khalifa ne ɗa namiji tilo. Yana da izu ashirin da wani abu a ka ya ce shi boko zai yi, ya tafi Kano wajen kawunsa. Malam bai hana shi ba, bai kuma tsine masa ba. Magana ɗaya ya gaya masa a gaban ɗalibai, cewa an ba shi abu ya zubar. Daga nan in Khalifa ya zo gida sai gaisuwa da batun gona. Ba wanda ya ƙara ta da zancen karatu a cikinsu har aka binne shi.

"To ka ga ai Allah ne ya kawo," in ji Kabir. "Suna dawowa ka kunna masa. Meye abin tunani?"

"Na yi masa alkawari ba zan duba ba."

"Ai ka riga ka duba."

"Shi ya sa. In na gaya masa, na nuna masa ni ba mai amana ba ne. Wannan da sauƙi, kunyata ce, zan iya shanye ta. Amma shi yaron fa? Shekara biyu yana yi bai aika ko ɗaya ba. Da bakinsa na ji ya ce ba zai kai masa wannan ba. Mutum ya ɓoye aikinsa don bai kai yadda yake so ba, ya mutu, ni kuma da ban taɓa ganinsa ba in ɗauka in kai wa wanda ya fi jin nauyi a duniya?"

"In ka goge kuma?"

"In na goge, tsohon nan zai mutu yana zaton ɗansa ya zubar."

Kabir ya mayar da hularsa. "Kai matsalarka ke nan, Abdussalam. Mutane na gyaran waya su ci tuwo, kai sai ka mai da shago kotu, kai ne alƙali kai ne ɓarawo. Ka kwafe a ɓoye ka ba yarinyar mana."

"In yi wa uban ƙarya, in kuma ɗora wa 'yar ɗaukar ta?"

"To ni na tafi, rigar ango na jirana. In ka yanke hukunci ka aiko in zo kallon bulala."

Abdussalam ya je masallaci ya yi azahar, ya dawo. Ya buɗe murfin, ya danna alamar ɗora manhaja. Ya zaɓi harshe, ya zaɓi agogon Najeriya, ya iso shafin da ake tambaya ko a goge faifan gaba ɗaya. Ya sa alama a gurbin. Saura danni guda. Ya daɗe yana kallonsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, cika alkawarin ba ya gyaruwa in ya zama kuskure, saɓa shi kuwa ana iya neman gafara. Bai tabbata wannan hujja ce ko dabarar zuciya ba. Ya janye hannunsa, ya koma kan gilashin wayar da ya bari tun safe.

Bayan la'asar suka dawo, Nusaiba da ƙullin dabino da alewar barka. Ta ga fuskar kwamfutar a washe, ta yi murmushi.

"Kai, har an gama?"

"Ba a gama ba." Abdussalam ya sauka daga kujerarsa ya durƙusa a gaban bencin da Malam ya zauna. "Allah gafarta Malam, na yi laifi. Wajen gwada sifika na buɗe abu ɗaya daga cikin na marigayi. Na ji abin da ke ciki. Ban goge ba, don ina ganin ba ni ya kamata in yanke ba."

Fuskar Malam ta ɗaure.

"Na ce maka kada ka duba."

"Haka ne."

"Da bakinka ka ce ka yi alkawari."

"Haka ne, Allah gafarta Malam. Ba ni da abin cewa."

"To kada ka gaya mini. Ko kiɗa ne, ko mene ne, ban son ji. Goge."

"Ba kiɗa ba ne. Da sunanka ya fara."

Nusaiba ta dafe bakinta. Malam ya dubi Abdussalam, ya dubi injin. Hannunsa ya matse kan sandar har jijiyoyin suka fito. Bai ce a kunna ba, bai kuma sake cewa a goge ba. Abdussalam ya jira. Sai Nusaiba ta ce a hankali, "Baba."

Malam ya ɗaga yatsa ɗaya, ya sauke.

Abdussalam ya danna.

"Allah gafarta Malam, zan biya."

Nusaiba ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Malam kuwa bai motsa ba. Ya runtse ido, ya ɗan karkata kai gefe, zaman da ya yi shekara hamsin yana yi a zaure. Leɓɓansa suka fara bin karatun ba sauti. Da aka iso inda mai karatun ya sarƙe, ya ɗauki ƙarshen wata aya ya liƙa wa mai kama da ita, sai sandar Malam ta daki ƙasa.

"A'a! Koma!"

Ya faɗi daidai ɗin da ƙarfi, kamar yadda zai faɗa wa ɗalibin da ke gabansa. A cikin sifikar Khalifa ya koma baya, ya sake faɗawa ramin.

"Kai, Khalifa! Tun kana yaro nan ne..."

Bai ƙarasa ba. Ya buɗe ido ya ga inda yake: shago, wayoyi a rataye, wani baƙon mutum durƙushe a gabansa. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Muryar ta yi ajiyar zuciyarta, ta ce bai zauna ba tukuna, ba za ta kai masa wannan ba. Abdussalam ya kashe, ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

Da Malam ya sauke rawanin, muryarsa ta dushe.

"Guda nawa ne?"

"Arba'in da uku."

"Da ashirin da shida ya bar gabana." Ya yi lissafi a zuci. "Shi kaɗai, ba mai ja masa baƙi?"

Abdussalam ya ce zai iya kwashe su duka a memori yanzu, a sa a waya, sannan ya goge faifan ya ɗora manhajar, su tafi da ita a yau.

"A'a. A tsangayata ɗalibi ba ya wanke allonsa sai ya biya mini na ji. Wannan allonsa ne, a nan ya rubuta. Ba za a wanke ba sai na ji duka, daga inda ya ajiye."

"Baba, jarrabawar saura wata guda," in ji Nusaiba tana share ido.

Abdussalam ya dubi filashinsa mai igiya ja. Shi kaɗai gare shi, kuma da shi yake aiki. Ya ce su tafi da injin yadda yake, da filashin a jiki. Ya nuna wa Nusaiba madannin da za ta riƙa dannawa in ta kunna, da inda za ta koyi bugun rubutu, da inda muryar take. Ya gargaɗe ta cewa duk abin da ta rubuta zai ɓace in ta kashe, kuma kada ta taɓa alamar nan ta kusurwa, ita ce mai gogewa. Ya sa ta yi a gabansa sau uku har hannunta ya saba.

A bakin ƙofa Malam ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka saɓa alkawari, ɗana."

"Na saɓa."

"Ka nemi gafarar Allah. Ni tawa sai na yi tunani."

Mako uku Abdussalam yana mayar da masu kawo tsofaffin injina, yana ce musu su dawo. Kabir ya samu abin tsokana, kullum sai ya leƙo ya tambaya ko alƙali ya samu belin filashinsa. Wani lokaci Abdussalam kan ji ya yi daidai. Wani lokaci kuma sai ya tuna ajiyar zuciyar nan, ya ji kamar ya yaye wa mai barci mayafi.

Ranar wata Laraba suka dawo. Nusaiba ta ajiye injin, ta buɗe, ta tashe shi da kanta ba tare da ta dubi kowa ba. Malam ya zauna a kan benci ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, cike da ajami.

"Izu biyu kullum, bayan walaha. Na ji duka." Ya miƙe takardar a kan gwiwarsa. "Kuskure talatin da ɗaya. Goma sha tara ya kama su da kansa ya gyara. Daga izu na talatin zuwa sama ƙafarsa ta fi zama, ban san yadda aka yi ba." Ya naɗe takardar. "Na sha yaye waɗanda ba su kai shi ba."

Abdussalam ya ce, "Allah ya jiƙansa."

"Amin. Batun da ke tsakaninmu kuma, na yafe. Amma kada ka mai da shi sana'a."

"In sha Allahu. Yanzu a goge?"

"A goge. Karatu mai kuskure ba a barinsa yana yawo, wani yaro ya ji ya ɗauka haka yake." Nusaiba ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. Malam ya sa hannu a ɗaya aljihun, ya daɗe yana lalube, ya fito da wata ƙaramar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Ta uwarsa ce, Saude. Tun ranar farko take zama a bayan ƙofar zaure, tana zaton ban sani ba. Ka zuba mata a nan. Ita ba kuskure take saurare ba."

Abdussalam ya karɓa da hannu biyu. Ya cire memorin, ya kwafe fayil arba'in da ukun, ya mayar, ya kunna ɗaya don ya tabbata, ya kashe tun kafin a gama gyaran murya. Sauran abin da ke faifan, hotuna da takardu da ma'ajin da bai san me ke cikinsu ba, bai taɓa ko ɗaya ba.

Ya bi shafukan har zuwa na tambayar ƙarshe, ya juya injin wajen Nusaiba. Ta dubi mahaifinta. Ya gyaɗa kai. Ta yi bisimilla ta danna.

Wani siririn layi ya fara cika daga hagu zuwa dama. Malam ya matso da bencinsa yana kallo, hannayensa biyu a kan sandar. Can injin ya tsaya, ya kawo gurbi fari yana jira.

"Me kuma yake so?" in ji Malam.

"Sunan mai shi yake tambaya, Allah gafarta Malam."

Nusaiba ta gyara zama, ta ɗora yatsunta a kan koɗaɗɗun madannan, ta rubuta nata.